Inci Huɗu

Kawuna yana da kwale-kwale mai inji a Yauri, yana fito da 'yan kasuwa a kogin Neja. Da zai tafi Umara ya damƙa mini shi, ya ce, "Ka zuba mai, ka tuƙa, kada ka taɓa komai."

Kwana biyu na daure. Ran na uku na ji yaran bakin ruwa suna cewa in aka ɗaga inji sama, ƙafarsa za ta rage jan ruwa, jirgi ya ƙara gudu. Gaskiya ne kuwa, in dai kaɗan aka ɗaga. Ni kuma na yi lissafin 'yan kasuwa: in inci ɗaya ya kawo riba, ina ga huɗu? Na sassauta inji, na cusa masa katako a ƙarƙashi, na ɗaure.

Fasinjan farko da Allah ya kawo mini surukina ne, da ragonsa. Na ce, "Baba, a riƙe hula, yau sai dai a ga ƙurarmu." Ƙura a kan ruwa fa!

Na murɗa totur. Inji ya kurma ihu, bayanmu ya yi kumfa kamar an zuba omo, jirgi kuwa yana tafiyar hawainiya. Farfela ta matso saman ruwa, iska take sha. Da na karya kwana sai ta saki ruwan ɗungurungum, gindin jirgi ya zame gefe, rago ya haye cinyar Baba. Wani tsoho ya wuce mu da filafili, har da sallama. Can na lura siririn ruwan nan da inji ke tsartarwa, wanda muke kira fitsarin inji, ya ɗauke. Ramukan da yake zuƙar ruwan sanyaya kansa sun fito fili. Na kashe shi yana huci, muka ƙarasa da gora.

Kashegari, don huce haushi, na cire katakon, na kuma sa zarto na rage allon bayan jirgin. Farfela ta nutse can ƙasa. Ta kama ruwa kam, amma jirgi ya yi nauyi, hannun tuƙi sai da ƙarfi, feshi ya jiƙe ni sharkaf, mai yana ƙarewa kamar ana sata. A tsakiyar tudun yashin da kullum muke wucewa lafiya muka kafe.

Wani dattijon bakanike ne ya sa aka ja jirgin waje. Ya miƙe sanda a ƙasan cikinsa, ya nuna mini farantin da ke saman farfela.

"Ɗana, wannan daidai da sandar nan ake so ya zauna, ko ya sauka bai fi inci ɗaya ba. Wa ya yanke allon nan?"

Na ce gara ce.

Ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Ikon Allah. Garar bana har da awo take yi."

Kawu gobe zai sauka a Sakkwato. An ce Baba ne zai je tarbarsa.