Yaron ya duba, gudun motar ne bai gani ba

Duk lokacin da mota ta kaɗe yaro a bakin makaranta, abin da aka fi ji shi ne: "Ai bai duba ba ya tsallaka." Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Sau da yawa yaron ya duba, ya kuma ga motar. Irin gudun da take yi ne idonsa bai gaya masa ba.

Abin da ya gifta ta gabanka ba shi da wuyar ganewa, domin hotonsa yana sauya wuri a cikin ido. Amma wanda ya doso ka kai tsaye, hotonsa na nan wuri guda, girma kawai yake ƙarawa. Da saurin wannan girma ƙwaƙwalwa ke ƙiyasta lokacin isowarsa, lissafin da masani David Lee ya bayyana a 1976. Idanu biyu ma suna taimakawa, tunda tazarar kusan santimita 6 ke tsakaninsu, kowanne na kallo ta kusurwarsa. Sai dai amfanin wannan ya fi yawa a kusa, kamar in an jefo maka ƙwallo.

To, motar da saura daƙiƙa 5 ta iso, in tana gudun kilomita 30 a awa, nisanta mita 42 ne. In 80 take yi, tana can mita 111, 'yar mitsitsiya, da ƙyar ake lura tana girma. Wadda ta fi haɗari ita ce ta fi kama da wadda ke tsaye. Babur kuwa, da ƙanƙantarsa, har manya yana ruɗa.

Masu bincike a Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun gwada yara 'yan shekara 6 zuwa 11, suka wallafa a 2011 cewa da zarar gudu ya wuce mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, yaro na iya kasa gane cewa motar tana tahowa. Wannan ba rashin jin magana ba ne, ganinsa ne bai gama nuna ba, kuma faɗa ba ya nunar da shi.

A Najeriya, dokar hanya ta bar wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari. Wannan ya yi wa idon ɗan firamare yawa. Sanarwar Stockholm ta 2020, wadda taron ministocin ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya ya fitar, ta nemi a koma 30 inda mutane ke cuɗanya da motoci. Mu fara da ƙofar makarantun firamare da na Islamiyya da ke bakin titi, a kuma yi tudun rage gudu, don allon gargaɗi kaɗai ba ya sa direba taka birki.