Ranar da laftof ta tona min asiri a gaban Kawu

Jama'a wallahi firojet ɗin ƙarshen shekara ya kusa raba ni da gidan Kawu a Jidda. Manhaja ce na haɗa da Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka zuba mata saƙonnin da mutane suka rubuta ta mayar da su kiɗa, allo kuma yana canza launi. Ba wani siddabaru ba ne fa, kowane harafi da lambarsa a kwamfuta, "a" 97 ce, shi kuma MIDI, tsarin da kwamfuta ke ba sautin kiɗa lamba, sautukansa daga 0 zuwa 127 suka tsaya, sai na ce shikenan kowane harafi ya ɗauki sautinsa.

Da Turanci lafiya lau. Ina zuba mata Hausa ta birkice, ashe ƙ lambarta 409, ɗ 599, alif na Larabci 1575, mu kuma gidan nan jimla ɗaya sai ka ga Hausa da Larabci sun cakuɗe kamar fate, uwa uba imojin dariya mai hawaye ɗin nan, 128514! Tana cin karo da shi sai ta ƙame. Malamin da ke duba aikina ya ce in raba kowace lamba da biyar in ɗauki ragowar, in tsaya kan sautuka biyar irin na kiɗan Sudan. Kai, sai ga abu ya zauna daram.

Launi ne ya ba ni wuya. Na ware kalmomin alheri su fito kore, na faɗa su fito ja. To sai ga "Allah ya isa" ta fito kore shar da busa mai sanyi, "shege ka kashe ni da dariya" kuma allo ya yi jawur kamar an yi yanka. Kwana uku ina fama ban gama ba.

Ranar Juma'a an gama cin kabsa ana shan shayi, Kawu ya ce, "Kai ɗan boko, zo nuna mana abin da ke hana ka barci kana ƙone mana wuta." Na jona laftof da talabijin ina ta hura hanci. Niyyata in saka saƙonnin barka da Juma'a na guruf ɗin dangi a WhatsApp, garin rawar kai na ɗauko fayil ɗin ɗaya guruf ɗin, namu na yara wanda babu babba ko ɗaya a ciki. Ga shi a daren jiya na ƙara gyara, kowane saƙo yana fitowa a allo ɓaro-ɓaro da sunan mai shi.

Kiɗa ya tashi mai taushi, falo ya yi kore, sai ga rubutu: "minsharin Kawu ya fi tsohon mukayyif (AC) ɗin falo ƙara, Allah ya ba Hajiya haƙuri." Sunana a sama.

Hajiya ta toshe baki da gyale, yara kuwa ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Na kai hannu zan rufe, Kawu ya ce, "Bari." Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau ya karanta a tsanake har ƙarshe, ya kurɓi shayi.

"To me ya sa ya fito kore?"

Na ce, "Kawu, ai saboda akwai addu'a a ciki."

Tun ranar ni ke wanke masa mota. Hajiya kuma ta tare ni a kicin ta yi ƙasa da murya, wai in tura mata kiɗan a waya, shi za ta saka in Alhaji ya kira.