Ɗan Hayar Da Na Sauke A Estanal

Laftof ɗina cikinsa gigabait 128 ne kacal, kuma Windows ta riga ta baje kolinta a fiye da rabi. Sai ga shi kwas ɗin da nake yi an ce dole sai da Linux. Wani abokina mai gyaran waya ya ce, "Kai ma dai, ba sai ka goge Windows ba. Saka VirtualBox, ka kunna kwamfuta a cikin kwamfuta." Na ce a ina zan ajiye ta? Ya nuna estanal ɗina, wato faifan ajiya na waje da ake sokawa ta USB, mai terabait ɗaya, wanda hotunan bikin duk dangi ke ciki.

Na raba faifan gida biyu: ɓangaren hotuna ya zauna a NTFS, tsarin ajiyar Windows, ɗayan na ware wa Ubuntu, wani nau'in Linux, aka yi masa ext4, tsarin ajiyar Linux. Wato dai na sauke ɗan haya a ɗakin waje, amma sai ya bi ta zauren Windows zai shiga.

VirtualBox ba ta da maɓallin da za ka danna ta kama ɓangaren faifai kai tsaye. Sai ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni da izinin mai gida, wato admin, ka rubuta wa VBoxManage, ɗan aiken VirtualBox, wani dogon umarni, ta haifo maka ɗan fayil na vmdk. Babu Ubuntu a cikin fayil ɗin, adireshi ne kawai: je ka faifai mai lamba 1, ɓangare kaza. Na kuma leƙa BIOS, wato saitin tushen laftof, na kunna VT-x, abin da ke taimaka wa kwamfuta ta gudu a cikin kwamfuta. Da na ga allon Ubuntu ya fito, har da miƙewa tsaye na yi, ni kaɗai a ɗaki.

Tashinsa ne dai sai haƙuri. A baƙar kafar USB na soke estanal ɗin, mai megabit 480, alhali ga shuɗiyar nan mai gigabit 5 linzami ya tare ta. Kafin ya gama buɗewa na dafa shayi na sha, har na wanke kofin.

Ranar da zan nuna wa malami aiki ta intanet, na kunna, Ubuntu ya ce bai san zancen ba. Wani dogon saƙon kuskure kawai nake gani. Gumi ya karyo mini. Ina dubawa sai ga filash ɗin ƙanena a soke a gefe, yana kwafar waƙoƙi tun safe. Ita Windows ba ta san sani ko sabo ba, wanda ya riga shigowa shi take bai wa lamba. Filash ya zama 1, estanal ya koma 2, ita kuwa VirtualBox ta tsaya ƙofar filash tana ta sallama.

"Wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

"Yaya, ai rami na gani babu kowa."

Na zare filash, na sake kunna komai, ɗan haya ya dawo. Amma akwai wata masifar: Windows ba ta iya karanta ext4, don haka duk sanda aka soke estanal sai ta yi tayin goge ɓangaren, wai a gyara shi kafin a yi amfani da shi. Kullum ina ce mata a'a.

Da yamma ina tsakar gida ina alwala, na wanke ƙafar dama, sai na jiyo ƙanwata daga ɗaki. Hotunan biki ta je nema.

"Yaya, kwamfutarka ta yi tambaya da Turanci, na ce mata eh!"

Ban san sanda na yi fatali da buta ba. Na faɗa ɗakin da takalmi ɗaya, na tarar akwatin gogewa a buɗe, saura dannawa biyu, yatsanta a kan linzami.

Ta kalle ni ta ce, "Wannan ma in ce mata eh?"