Mun san sunan Abu Ali, na dajin Rugu fa?

Duk wanda ya bi labarin yaƙin Boko Haram ya san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Shi ya ja tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a watan Fabrairun 2015, ana yi masa laƙabi da Sarkin Yaƙi. Rundunar soja ta ƙara masa girma daga Manjo tun lokacinsa bai yi ba, ta ba shi lambar yabo ta jarumta. Ɗan sarki ne, mahaifinsa ya taɓa yin gwamnan soja a Bauchi. Da ofis ya nema a Abuja, da bai rasa mai tsaya masa ba, amma ya zauna a bakin daga har aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016. Allah ya jiƙansa.

Ba shi kaɗai ya faɗi a ranar ba. Wa zai iya kawo sunan ko ɗaya daga cikin yaransa da suka mutu tare da shi?

Abin da ke ci mini rai a nan Katsina ke nan. Shekara da shekaru ana kwasar sojoji daga barikin Natsinta ana tura su Jibiya, Batsari, Safana da bakin dajin Rugu. In 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna, sai dai a ji an rasa sojoji kaza, kamar ana ƙirga buhu. Manomin da sojoji suka ba kariya a hanya har ya kai hatsinsa gida bai san wanda zai saka cikin addu'a ba.

Tsohuwar ɗabi'a ce. Kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin Hitila sun dawo sun tsufa, yawancinsu jikoki kaɗai ke tuna su. Janar Hassan Usman Katsina ya cancanci kwalejin da aka sa wa sunansa, babu gardama, sai dai yaƙi ba janar kaɗai ke yinsa ba.

Wasu za su ce bayyana suna na karya gwiwar na baya. Ban yarda ba. Abin da ke karya gwiwa shi ne soja ya ga matar abokinsa tana yawon ofis-ofis neman haƙƙin mijinta.

Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya kamata gwamnatin jiha ta sa a karanta sunan kowane sojan da ya rasu a ƙasar Katsina, da garinsu, a gidan rediyo, ta kuma ɗauki nauyin karatun marayunsa.