Masu Tara Tsofaffin Motocin Soja a Ingila: Ba Ƙoshi Kaɗai Ba Ne

Da zarar yanayin zafi ya shigo Ingila, daga Yuni zuwa Agusta, ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motocin soja sai su yi jerin gwano zuwa filayen baje koli. Su kafa tantuna, su kwana a fili, su jera motocinsu jama'a na kallo. Military Vehicle Trust na cikin manyan ƙungiyoyin, Tankfest kuma, wanda gidan adana tankokin yaƙi na Bovington ke shiryawa a ƙarshen Yuni, yana cikin tarukan da suka fi suna.

Duk sanda bidiyonsu ya faɗo Facebook, maganar mutanenmu ɗaya ce: "Waɗannan ƙoshi ne ke damunsu." To, da ƙoshi a ciki, don mai jin yunwa ba ya zuba wa tanka mai. Amma ni ina ganin abin ya wuce haka.

Ku kalli bidiyon da kyau. Dattijo ne mai furfura kwance ƙarƙashin jif ɗin Willys, hannu duk baƙin mai, jikansa na miƙo masa sifana. Motar ta haura shekara 80. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera kusan 640,000 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka rage kuwa irin waɗannan mutane ne suka hana su zama ƙarfen awo. A gefen filin akwai rumfunan tsofaffin kayan gyara, kamar ka shiga Panteka a Kaduna, mutum ya yini yana neman kabireto guda. Abin da ba a samu ba, a ƙera shi da hannu. Duk makanikin kirki zai sara musu.

Ba kuma kara zube ake yi ba. Bindigar da ke kan motar dole a kashe ta yadda ba za ta ƙara harbi ba, mai tuƙa tanka a kan titi kuma sai da lasisi na musamman. A Bovington ma akwai Tiger 131, tankar Jamus da aka kama a Tunisiya a 1943, ita kaɗai ce irinta da ke tashi har yau.

Inda nake da ja da su wuri biyu ne. Masu sa kakin sojojin SS na Hitila suna taƙama a fili, wannan kam bai kwanta mini ba, ko da an ce kwaikwayo ne.

Na biyun ya fi ci mini rai. Kusan komai nasu Normandi ne da 1944, wato saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun Faransa. Ina labarin Boma, wato ƙasar Myanmar ta yanzu? Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da kakanninmu daga Arewa, sun gwabza da Japan a can. A kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki kayan yaƙi, kuma da hannu suka sare daji suka fitar da hanyar jif mai tsawon gomman mil. Wato jif ɗin da ake gogewa yana sheƙi a filayen Ingila, irinsa ne ya bi hanyar da kakanninmu 'yan Boma suka haƙa da diga da shebur, amma da wuya ka ji masu bayani a filin sun ambace su.