Bindigar IRA ba ta haɗe Ayilan ba

Mutane da dama na ɗauka cewa hare-haren IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman haɗe tsibirin Ayilan ya zama ƙasa ɗaya, ne suka kori Birtaniya, aka haɗe Ayilan. Ba haka ba ne. Har yau gundumomi shida na Arewacin Ayilan suna ƙarƙashin Birtaniya. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998 cewa ta yi ba za a haɗe ba sai rinjayen jama'ar arewa sun amince ta ƙuri'ar raba gardama, kudu, wato Jamhuriyar Ayilan, ma ta yarda. In an yi ƙuri'ar, sai bayan shekara bakwai a sake.

Abin takaicin shi ne, raba mulkin arewa tsakanin masu son haɗewa da masu son zama da Birtaniya, wanda yarjejeniyar 1998 ta tanada, tun a taron Sunningdale da ke Ingila aka cimma shi a 1973, yajin aikin masu biyayya ga Birtaniya ya rusa shi a Mayun 1974. IRA ma ta ƙi shi a lokacin.

Rikicin ya ci rayuka kusan 3,500, fiye da rabi fararen hula. 'Yan bindigar masu son haɗewa, irin su IRA, ne suka kashe kusan kashi 60 cikin ɗari, na masu biyayya ga Birtaniya kusan 30, sauran kuma jami'an tsaro ne suka kashe su. A garin Enniskillen da ke Arewacin Ayilan, 1987, bam ɗin IRA ya kashe mutum 11 a wajen taron tunawa da mamatan yaƙi.