A cikin ƙananan hukumomi 44 ɗin nan na Kano, nawa ka taka?

Wata tsohuwa ce ta kunyata ni ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma har yau abin bai sake ni ba. Ba a wajen gudu ba ne, ko da yake can ma da ƙyar na riga ta ƙarasawa. Tambaya ɗaya ta yi min, tana ɓare ayaba, da kambin roba a kanta.

Bari in faro daga farko. Shekara tara ke nan ina zaune a jihar Konetikat ta Amurka, kusa da Hartford. Ban taɓa tunanin zan zama mai gudu a titi ba. Kun dai san yadda abin yake a gida: magidanci da gemunsa ya fito yana sheƙa gudu da sassafe, kafin ya kai bakin layi mutum uku sun tare shi da "Lafiya, Alhaji?" Ruwa ba ya tsami banza. To likita ne ya auna ni ya ce jinina ya hau, ko in motsa ko in fara shan magani har illa masha Allahu. Haka na sayi takalmi, na fara zagaya unguwa bayan sallar asuba, da dogon wandona, don ni dai har gobe ban iya fita da ɗan kamfai ba. Daga nan wani abokin aiki ya ja ni tseren kilomita biyar, daga ɗaya sai biyu, yanzu na daina ƙirgawa.

A wajen waɗannan tseren na fara ganin wasu mutane da lamba 169 a rigunansu. Ashe ƙungiya ce, sunanta Run 169 Towns Society. Jihar tana da garuruwa 169 cif, kowanne da iyakarsa da hukumarsa, babu wani taƙi na ƙasa da ba ya cikin ɗayansu. Tun 1960 suka soke gwamnatin gunduma, saboda haka daga gari sai jiha. 'Yan ƙungiyar nan sun ɗaukar wa kansu alkawarin sai sun yi tsere a kowane gari. Ba wai ka je ka zagaya da kanka ka ce ka yi ba, dole ya zama tsere na ƙa'ida wanda aka auna lokaci aka rubuta sunanka. Wanda ya cike duka sai su naɗa shi sarki, mace kuma sarauniya.

Wasu garuruwan ba wahala. Manchester na da tserenta na ranar bikin godiya a watan Nuwamba tun 1927, kusan mil biyar, mutum fiye da dubu goma ke fitowa cikin sanyin nan, wasu ma da shigar barkwanci. New Haven na da na kilomita ashirin a farkon Satumba. Litchfield na da nata a watan Yuni, mai wani hawa da ake kira Gallows Lane, wanda ko sunansa ma na wurin rataye mutane ne, in ka hau shi kuwa za ka gane dalili. Wahalar tana ƙananan garuruwa. Akwai Union, can kan iyakar Massachusetts, mutanenta duka ba su kai dubu ba. Irin waɗannan wani tsere ɗaya yake yi a shekara, in ya wuce ka sai baɗi. Shi ya sa abin yake cin shekaru.

Wanda na je ranar Asabar a irin waɗannan ƙananan ne, arewa maso gabashin jihar. Ina so ku ga wurin. Ka bar babbar hanya ka shiga wata siririyar kwalta, dama da hagu daji ne, da gajeren shinge na duwatsu da manoman da suka jera shekara ɗaruruwa da suka wuce, gonakin sun koma kurmi amma shingen na nan. Tsakiyar garin fili ne mai ciyawa, da farar majami'a ta katako mai tsini, da ɗakin karatu da bai fi shagon tela uku ba, da gidan 'yan kwana-kwana. 'Yan kwana-kwanan nan ba albashi suke ɗauka ba, mutanen gari ne, wannan kafinta, wancan malamin makaranta, in gobara ta tashi su ajiye abin da suke yi. Kuɗin tseren ma su za a ba wa. Ka biya dala talatin, wasu mata biyu a kan teburi su duba sunanka su miƙo maka lamba ta takarda da fil huɗu da riga. A bayan lambar akwai ɗan abin da na'ura ke karantawa in ka taka layin ƙarshe. Ɗan sanda ɗaya tak ya gitta motarsa ya tare hanya. Wata yarinya 'yar sakandare ta rera taken ƙasa, muryarta na rawa, kowa ya cire hula. Aka busa ƙaho. Ƙarfe tara aka ce, ƙarfe tara aka tashi, babu jiran babban baƙo, babu jawabin shugaban taro.

Ba mu fi mutum ɗari da hamsin ba. Akwai mai tura jariri a keke, akwai yaro ɗan shekara takwas da ya wuce ni kamar an jefa shi, akwai dattijon da tafiya kawai yake yi. A rabin hanya yara sun tsaya da ruwa a kofin takarda. Mutane sun fito ƙofar gidajensu da kujeru suna kaɗa ƙararrawar shanu, suna yi wa wanda ba su taɓa gani ba kirari. Ni kaɗai ne baƙar fata a wurin, wannan kam na lura, kullum ina lura.

Da tsohuwar nan ta doso layin ƙarshe sai 'yan ƙungiyarsu suka yi sahu biyu, ta ratsa ta tsakiya suna tafi. Garinta na 169 ke nan. Ta haura saba'in, gwiwarta ɗaya a ɗaure. Sannu ba ta hana zuwa. Aka ɗora mata kambi, aka yanka kek, aka yi ta hoto. Ni ina gefe ina cin wani burodinsu mai huda a tsakiya, tauri kamar ƙanzo, sai ga ta kusa da ni. Ta tambaye ni daga ina, na ce Kano, Najeriya. Ta ce jiha ce? Na ce jiha ce, har da ɗan ɗaga kafaɗa, na ƙara mata da cewa ta fi Konetikat faɗi, mutanenmu kuma ko a ƙidayar 2006 sun haura miliyan tara, su nan ba su kai huɗu ba. Ta ce gari nawa gare ku? Na ce ƙananan hukumomi 44. Sai ta ce, da zuciya ɗaya wallahi, "Kai, da sauƙi! Ai ka gama su duka ko?"

Na yi dariya na ce saura kaɗan. Ƙarya na yi mata.

A mota na ƙirga da yatsu. Birni da kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo. Takwas, kuma duk Kano ɗaya ce, adaidaita sahu ke haɗa su. Sai Bebeji, saboda an kai mu Tiga muna firamare. Sai Dawakin Tofa, saboda Dawanau. Sai Wudil, inda na taɓa sauka na sayi kifi a bakin gada. Sha ɗaya. Bichi da Tsanyawa ta tagar motar Katsina na san su, wannan kuwa ko a ƙa'idar tsohuwar ba a lissafa shi. Shekara talatin da ɗaya na yi a Kano kafin in fito. A Konetikat kuwa, da na duba, na yi tsere a gari ashirin da shida.

Daga nan har gida ina ta kare kaina, kuma wasu hujjojin nawa har yanzu ina nan a kansu. Wannan wasan masu ƙoshi ne. Sai mai mota, mai kuɗin mai, mai Asabar ɗin da ba ya neman na cefane. Ka lissafa dala talatin sau 169 ka gani. Jihar tasu daga wannan ƙarshe zuwa wancan awa biyu ce a kan kwalta mai santsi, ba shingen karɓar na goro, ba fargabar wa zai fito daga daji. Kuma kada wani ya ɗauka aljanna ce. Tsakanin Greenwich da Bridgeport tafiyar rabin awa ce, amma arzikin wannan da talaucin wancan kamar ba ƙasa ɗaya ba, kuma a wajen tsere fuskokin da kake gani kusan kala ɗaya ne. Na kuma ce wa kaina, su ai kaɗaici ne ke korarsu. Maƙwabcina na shekara shida ban san cikin falonsa ba. Mutanen da ba su da biki, ba suna, ba ta'aziyyar kwana uku da ta bakwai, dole su ƙirƙiro dalilin haɗuwa, ko da kambin roba ne. Mu zumunci ke kai mu garuruwa, ba agogo ba.

Wannan hujjar ta ƙarshe ita ce ta fi yi min daɗi, ita ce kuma ta juyo ta sare ni. Don in zumunci ke kai mu, ni ina ya kai ni?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan koli ne mai cin kasuwannin ƙauye. Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, Alhamis wani sa'in har Maigatari, tun ba a yanke Jigawa ba a 1991. Satinsa da sunan kasuwa yake ƙirga shi. Ya san garin da ruwansa ke da zartsi, ya san inda ake kwana a zauren mai gari, in mutum ya buɗe baki zai ce maka wannan daga yankin Rano yake ko Gaya. Hajiyarmu kuma biki da gaisuwar mutuwa sun kai ta inda ban ma iya nunawa a taswira ba. Su biyun nan da akwai mai raba kambi da tuni sun karɓa. Ni ne aka sa a boko, na tashi da "ɗan ƙauye" a bakina a matsayin zagi. Ba ni kaɗai ba, kada ku bar ni a ciki. Mu 'yan birni da yawa mun san Dubai da Alƙahira, mun san layin Saudiyya, amma a ce mana Ajingi ko Albasu sai mu yi murmushi kamar an faɗi abin dariya. Shinkafar Kura muke ci, tumatirin Kadawa muke miya da shi, ba mu taɓa zuwa mun ga hannun da ya shuka ba. Sai lokacin zaɓe a ga jerin motoci sun tayar musu da ƙura.

Abin da ya burge ni da mutanen nan ke nan, kuma duk kare kan da na yi bai rage shi ba. Sun ɗauki garin mutum ɗari takwas sun ba shi maki ɗaya, daidai da babban birnin jiha. Ba ka zama sarki sai ka je Union. Likita daga New Haven zai tashi da asuba ya tuƙa mota zuwa garin da ba shi da ko fitilar kan hanya, ya biya kuɗi, ya yi gumi a titinsu, ya ci burodinsu, kuɗin kuma ya zauna a garin. Tsohuwar nan ta ce min kafin ta fara, shekara arba'in tana jihar amma rabin sunayen a rahoton yanayi kawai take jin su. Yanzu in an ce ambaliya ta ci wani gari, tana ganin gadar a idonta.

Za a ce ba za a iya a wurinmu ba. Zafi, a ce. To wa ya ce a yi a watan Afrilu? Muna da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu da safe har rawar ɗari ake yi. Za a ce mu ba masu gudu ba ne, alhali 'yan Filato ne ke cinye dogon tsere a Najeriya, kuma yaron da ke bin shanu daga safe zuwa magariba bai san ma yana da abin da ake ba wa lambar yabo ba. Legas na yin nata gudun fanfalaki tun 2016. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun 1975 suke zagayawa da kokawar takobi daga jiha zuwa jiha, kowace ta karɓi baƙuncin sauran, kuma ba su fi mu kuɗi ba. Maganar tsaro gaskiya ce, ba zan zauna a nan in tura ɗan wani dajin Falgore ba. Maganar mata da sutura ma sai an zauna. Amma tsorona ba waɗannan ba ne. Tsorona ranar da aka ce za a yi, sai an kafa kwamiti, a buga riga da hoton mai girma, a jira shi har azahar, a yi sau ɗaya a Kano, shi ke nan. Na ƙauyen da za a yi da alli da usur da buhun ruwan leda biyar, a tara wa asibitin garin kuɗin magani, shi ne ba wanda zai ga girmansa.

Ko ma ba gudu ba. Ni yanzu na fara zargin gudun ba shi ne ya dame ni ba.

Daren Lahadi na kira yayana. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, in na zo hutun ƙarshen shekara ina so ka ba ni mota da yaro ɗaya, zan zaga ƙananan hukumomi." Ya yi shiru, ya ce, "Takara za ka fito?" Na ce a'a, gani kawai zan yi, ina so in fara da Riruwai, an ce akwai duwatsu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da ko kabarin Baba ba ka kai ziyara ba zuwanka biyu, Riruwai za ka?" Na ce to da can za mu fara. Ya ce Allah ya kawo ka lafiya, sannan ya miƙa wa Hajiya wayar, ita kuma ta fara lissafa min gidajen da zan shiga in gaisar in har da gaske nake: ƙanwar kakarmu a Sumaila, 'ya'yan aminin Baba a Gwarzo, wata goggo a Kunchi da na ɗauka ta daɗe da rasuwa. Na ce ta dakata in ɗauko biro. Takardar da ta zo hannuna lambar tseren jiya ce, da hudar fil ɗinta huɗu, a bayanta na rubuta.